Gangar Burbon ko Gangar Rai: Wace Kwalba Za Ka Ɗauka?

Kirsimetin bara waccan kawuna ya zo mana daga Jos, ya yi wata guda a wurinmu a Shikago. Mutum ne da ya haura shekara talatin ba ya shan komai in ba baƙar Guinness ba, ƙaramar kwalba ɗaya bayan tuwon dare, daga nan ya rufe. Ana jibi Kirsimeti na kai shi wani babban shagon barasa mu zaɓi abin da za a ɗora a tebur. Ya ja ya tsaya gaban wata kanta da aka jere baƙaƙen kwalabe, wasu an liƙe bakinsu da kaki, ya ɗauki biyu na kamfani ɗaya yana jujjuya su a hannu. A jikin ɗaya an rubuta giyar ta shekara a gangar burbon, wato wuskin masara na Amurka, ɗayar kuma a gangar rai, wato wuskin hatsin da Turawa ke kira rye. Ya zare tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗana, ban da kuɗi, me ya raba su?" Na ce, "Kawu, giyar ɗaya ce. Wanda ya riga ta zama a gangar ne ya bambanta."

Na san mafi yawan masu karanta Hausa ba sa kusantar giya, addini ya hana su, kuma ina ganin girman hakan. Rabin abokan tasowata haka suke. Wannan rubutu na waɗanda suke sha ne, 'yan uwanmu na Filato da kudancin Kaduna da Taraba da sauran wurare, musamman waɗanda karatu ko aiki ya kawo Amurka, suka tsinci kansu gaban irin wannan kanta, ga kwalba ɗaya kuɗinta ya kai na katan guda a gida, ba su san ta ina za su fara ba.

Tushen maganar doka ce. A Amurka ba a kiran wuski burbon sai an zuba shi a sabon mazubin itacen ok da aka babbake cikinsa da wuta. Sabo fil, wanda bai taɓa ɗaukar komai ba. Da zarar an juye wuskin, matata ba ta da damar sake zuba wani burbon a gangar, ko da tana nan garau. Shi ya sa kowace shekara ganguna masu ɗimbin yawa, kowacce galan 53, wajen lita 200 ke nan, suke barin Kentaki neman sabon uban gida. Wasu su tafi Sikotlan da Ailan, wasu wurin masu ram da tekila, har masu yajin Tabasco a Luwiziyana a cikinsu suke tsuma barkononsu. Masu dafa giya su ne suka zo layin a makare.

Gangar kuwa ba fanko take fitowa ba. Wanda ya taɓa shan ruwan randar da aka turara ya san mazubi yana da ta cewa a ɗanɗanon abin da ke cikinsa. Wutar da ake cinna wa cikin gangar, daga daƙiƙa 15 zuwa kamar 55, tana barin gawayi a sama, a ƙarƙashinsa kuma sukarin itacen ya dahu ya yi ja. Daga nan ƙamshin fanila yake zuwa, da na kwakwa, da wani zaƙi irin na mazarƙwaila. Yawancin rumbunan ajiyar Kentaki ba a ɗumama su, ba a sanyaya su: da zafi wuski ya kutsa cikin itace, da sanyi ya dawo, shekara da shekaru. Ranar da aka juye, akwai litocin da suka maƙale a katakon ba za su fito ba. Na taɓa kafa hanci a bakin wata ganga da aka juye da safiyar ranar, a wata matata kusa da Bardstown. Hawaye ne ya fara zuwa, sannan ƙamshin alewar madara da ta kusa kamawa, can ƙasa kuma ƙamshin jiƙaƙƙen itace bayan ruwan fari. Gadon da giya za ta ci ke nan: ragowar wuski, ragowar itace, da iskar da ke ratsa katako kaɗan-kaɗan tana tausasa ta.

Kamfanin da ake jingina wa farkon wannan sana'a a garin nan yake, Goose Island. A shekarun 1990 mai dafa musu giya, Greg Hall, ya haɗu da Booker Noe, jikan Jim Beam, a wata liyafa, ya samo ganguna daga wurinsa, ya cika su da baƙar giya mai kauri. Aka raɗa mata Bourbon County Stout. Da aka kai ta babbar gasar giya ta Denver a 1995, ko rukunin da za a sa ta babu. Yau kuwa, ranar Juma'ar da ke bin bikin godiya na watan Nuwamba mutane kan yi layi cikin ɗari don su same ta, kuma tun 2003 Shikago ke yin bikin shekara-shekara na giyar ganga zalla.

Mu fara da burbon, tunda sunansa ne a kan mafi yawan kwalaben. Sharaɗinsa na farko masara: aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin, ko da yake yawancin matatu suna kai ta 70 zuwa 80. Ba a tace shi ya haura ƙarfin barasa kashi 80, ba ya shiga ganga da fiye da 62.5, ba ya shiga kwalba ƙasa da 40, kuma ba a ƙara masa launi ko ɗanɗano. Ba dole sai a Kentaki ba, ko'ina a Amurka ya halatta, majalisar ƙasar ma ta ayyana shi abin Amurka na musamman a 1964, sai dai Kentaki ce ke yin kusan duka. Masara zaƙi take bayarwa da maiƙo a baki, sabuwar ganga ta ƙara fanila, shi ya sa burbon yake da saurin shiga rai ko ga baƙonsa.

A cikin baƙar giya, gangar burbon tana yin abin da madara ke yi wa shayi mai kauri. Ɗacin gasasshen sha'ir, wannan da mai shan Guinness ya sani mai kama da ƙanzo, sai ya lafa ya koma cakulan. Fanila da kwakwa su hau sama, dabino da maɗi su zauna ƙasa, a ƙarshe wani ɗumi ya gangara ƙirji. Kurɓar farko kusan kowa yana sonta. Rigimar tana kurɓa ta goma. Giyar da ake sa wa ganga dama can mai zaƙi ce, an bar mata sukarin da yis bai cinye ba don ta jure watanni a itace ba ta tsinke ba. In aka ɗora mata zaƙin masara da na fanila, sau da yawa sai ta ginshe ka tun kofi bai yi rabi ba.

Burbon ɗin ma ba iri ɗaya ba ne, kuma hatsi na biyu ne ke raba shi. Bayan masara da ɗan tsiron sha'ir, matata takan cike da rai ko da alkama. Rai hatsi ne na ƙasashen sanyi, ɗan uwan alkama, amma mai yaji-yaji a harshe. Heaven Hill na sa kashi 10, Wild Turkey da Jim Beam kamar 13, Bulleit 28, Four Roses kuma da haɗi biyu aka san su, ɗaya 20 ɗaya 35. Masu alkama su ne Maker's Mark na garin Loretto, da masara 70, alkama 16, sha'ir 14, sai Weller, da Larceny, da Pappy Van Winkle da ake rububinsa. Alkama ba ta da faɗa. Ja da baya take yi ta bar masara da itace su yi magana, wuskin ya fito da laushi kamar burodi mai zafi da aka shafa wa zuma. A giya, gangar mai alkama ta fi kowacce zaƙi da santsi. A ganina ta fi jituwa da jan giyar sha'ir mai ƙarfi, baliwayin, wadda ɗanɗanonta na zabibi da alewa ne ba na ƙonannen hatsi ba. A nan laushin ƙawa ne. A baƙar giyar da dama ta cika zaƙi kuwa, zuma ce ake zubawa a kan maɗi. In kwalba ta nuna gangar Four Roses ce ko wani burbon mai rai da yawa, to ka tsaya tsakiya: fanilar burbon tana nan, ga ɗan kaifi a ƙarshe.

Wuskin rai shi ne juyin burbon: rai ne aƙalla kashi 51, sauran sharuɗɗan ganga da ƙarfi duk ɗaya. Kuma shi ne babba a shekaru. Kafin Kentaki ta yi suna, manoman Fensilbeniya da Merilan, da yawansu zuriyar Jamusawa da 'yan Sikotlan da Ailan, rai suke nomawa suna tacewa, domin ya fi sauƙi a ɗora wa doki wuski a tsallaka duwatsu da a ɗora masa buhunan hatsi. Da gwamnati ta sa wa barasa haraji a 1791 har bore suka yi a yammacin Fensilbeniya, sai da Shugaba George Washington ya fito da mayaƙa kusan 13,000 a 1794 kafin ƙura ta lafa. Shi kansa Washington daga baya ya gina matata a gonarsa ta Mount Vernon, wadda a 1799 ta fitar da galan kusan 11,000, akasari na rai. Haramcin barasa na 1920 zuwa 1933 ne ya karya wa rai ƙafa. Matatun gabas ba su sake miƙewa sosai ba, ya koma abin shan tsofaffi, sai bayan shekarar 2000 masu haɗa barasa a mashaya suka tono shi.

Wannan faɗuwa da tashi su suka bar mana rai iri biyu a kasuwa. Akwai na Kentaki, irin su Rittenhouse da Sazerac, waɗanda rai ɗinsu bai wuce 51 da yawa ba, sauran akasari masara ce. Ƙannen burbon ne, yajin ne kawai ya ɗan leƙo. Rittenhouse yana bin tsohuwar dokar 1897 da ta ce matata ɗaya, kaka ɗaya, aƙalla shekara huɗu a ganga, ƙarfi kashi 50, don haka ka san gangarsa ta jiƙu sosai. Akwai kuma na babbar matatar MGP da ke Lawrenceburg a jihar Indiyana, rai kashi 95, babu masara ko ƙwaya, wanda kamfanoni da dama ke saya su zuba a kwalbarsu da sunansu. Na biyun nan shi ne rai mai haƙora: masoro, kanumfari, kirfa, da wani sanyi-sanyi irin na na'ana'a, kuma yana barin baki a bushe.

Wannan bushewar ita ce dukiyar gangar rai, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan. Zaƙin giyar yana nan, bai je ko'ina ba, amma kafin ya ginshe ka sai yajin ya zo ya yanke shi, kamar yadda citta da kanumfari ke yi wa kunun zaƙi. Cire su daga kunu ka ji yadda zai koma ruwan sukari da gasara. In aka ajiye mini baƙar giya ɗaya daga ganguna biyu, kusan kullum ta rai nake ɗauka, ba don ta fi burgewa a kurɓar farko ba, sai don ita ce nake iya kaiwa ƙarshen kofi ina marmarin ta. Tana kuma zama da abinci. Ta burbon kayan bayan cin abinci ce, ita kaɗai take son fili. Ta rai kuwa na sha ta da balangu da yajin ƙuli, kowa ya tsaya a matsayinsa. Amma tana da nata aibin. Fanilarta ba ta kai ta burbon ba, kuma in giyar asali mai ɗaci ce sosai, ko an ƙona sha'irinta ya wuce kima, yaji da ɗaci sukan haɗu su zama maƙaƙi a wuya kamar jiƙon magani. Wanda ke son ya ji rai har ƙarshensa ya nemi Rye-on-Rye ta kamfanin Boulevard a Kansas City, ko Ryeway to Heaven ta Revolution a nan Shikago, inda hatsin yake cikin giyar kanta sannan yake cikin gangar.

Wuskin Tenesi, wato Jack Daniel's da George Dickel, in ka bi sharuɗɗa burbon ne da ƙarin mataki ɗaya. Kafin ya shiga ganga ana ɗiga shi ta cikin gawayin itacen mafal. A Lynchburg, wurin Jack Daniel's, zurfin gawayin ƙafa 10 ne, wuskin yakan kwana da kwanaki kafin ya sauka. Su Dickel har sanyaya nasu suke yi tukuna. Jihar ta mai da matakin doka a 2013. Wanda ya koya wa Jack Daniel sana'ar baƙar fata ne, Nathan Green da ake kira Nearest, yana cikin bauta a lokacin, kuma sai wajen 2016 labarinsa ya fito fili yadda ya kamata. Ba na iya ambaton wannan wuski ban ambace shi ba. Haɗin Jack Daniel's masara 80 ne, sha'ir 12, rai 8, a kofi yana da laushi da ƙamshin nunanniyar ayaba. To amma tacewar kafin ganga aka yi ta, abin da ke isa ga giya burbon ne mai sanyin hali kawai. Na gwada sau da dama a jere, ban iya raba giyar gangar Tenesi da ta burbon mai ƙarancin rai ba. Kada ka ƙara ko sisi saboda sunan, kada kuma ka guje shi.

Sauran dangin ba sai mun daɗe a kansu ba. Wuskin masara, kashi 80 zuwa sama, irin Mellow Corn, doka ta hana shi sabuwar babbakakkiyar ganga, don haka gangarsa ba ta da abin kirki da za ta bai wa giya. Wuskin alkama irin Bernheim kusa yake da burbon mai alkama. Sabon shiga shi ne wuskin tsiron sha'ir zalla na matata ɗaya, irin na Westland a Siyatil da Stranahan's a Denver, wanda gwamnati ta ba shi rukuninsa a Janairun 2025. Shi an yarda masa da tsohuwar ganga, wani lokaci giya ce ta uku a cikinta, kuma wasunsu hayaƙi gare su. Abin gwaji ne ga wanda ya riga ya san sauran.

Duk wannan bambanci da na zayyana gaskiya ne, amma a kofin wuski ya fi fitowa. A giya raguwa yake yi, domin wuskin da ya maƙale a katako ɗan kaɗan ne a cikin lita 200 ta abu mai kauri da ɗanɗanonsa. Tazarar burbon da rai ana jin ta. Tazarar wannan burbon da wancan kuwa, sai mai harshe. Akwai abubuwan da suka fi sunan matata nauyi. Na farko shekarun gangar. Wadda ta riƙe wuski shekara huɗu tana da sauran fanila da zaƙi; wadda ta riƙe 12 ko 20 ta riga ta miƙa wa wuskin mafi yawan abin da take da shi, abin da ya rage itace ne, da ƙamshin taba da na jemammiyar fata, da bauri irin na goro. Wani yana son haka, ni ma wani lokaci ina so. Amma in ka ga kwalba ta ninka kuɗi don an rubuta gangar Pappy Van Winkle ce mai shekara 20, ka sani wuskin da ya yi wa sunan daraja ya tafi wata kwalbar, kai guntun ka saya. Na biyu, yaushe aka cika gangar bayan juyewa: wadda aka cika cikin 'yan kwanaki tana jiƙe daban take da wadda ta yi watanni a tsakar gida rana na dukanta. Na uku hannun mai gauraya. Ganguna biyu daga matata ɗaya ba sa ba da giya iri ɗaya, sai an ɗanɗana ɗaya bayan ɗaya, a ware ta warewa, a haɗa sauran. Ita kanta Bourbon County ta asali gamin gambizar gangunan Heaven Hill da Buffalo Trace da Wild Turkey da Four Roses ce, kuma wannan bai rage ta da komai ba.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne giyar da aka zuba da daɗewar da ta yi. Ba a sa farar giya mai kashi 5 a ganga ta shekara. Itace zai haɗiye ta, kuma ba ta da ƙarfin korar ƙwayoyin da ke zaune a katako. Ko mai ƙarfin ba ta tsira kullum ba: a fitowar 2015 wasu kwalaben Bourbon County sun yi tsami, kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu, daga shekarar da ta biyo baya ya fara ɗumama giyar don kashe ƙwayoyin kafin a rufe kwalba. A ƙasan tsani akwai Kentucky Bourbon Barrel Ale ta garin Lexington, kashi 8.2, mako shida a ganga, ja ce mai fanila a fili, ba ta da zurfi amma ba ta tsorata kowa. Sama da ita Dragon's Milk ta New Holland a Mishigan, baƙa, kashi 11, wata uku, ana samunta duk shekara a farashi mai sauƙi. Curieux ta Allagash a jihar Meyin ita ta fita daban: fara ce irin ta Beljiyam, makonni kawai take yi a gangar burbon sannan a gauraya ta da sabuwa, kwakwa da fanila su fito fes ba nauyi. KBS ta Founders, wajen kashi 12, an dafa ta da kofi, wato gahawa, da cakulan, gangunanta suna kwana a tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai ƙarƙashin Grand Rapids. Can sama kuma Parabola ta Firestone Walker a Kalifoniya da Bourbon County, masu kai wa 13 zuwa 15, suna zuba kamar man inji, kumfarsu launin ƙasa.

Ina da ƙorafi a kan yayin da ake yi yanzu na cusa wa giyar ganga kayan zaƙi: kwakwa, fanila, man gyaɗa, ruwan zaƙin itacen mafal, har biskit. Ganga ta shekara tana aikin fitar da fanila da kwakwa daga itace, sai a zo a zuba na kwalba a kai, a binne aikin. In dai so kake ka gane ganga, nemi wadda ba a ƙara mata komai ba. Kofi ne kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, domin ɗacinsa yana yi wa gangar burbon irin aikin da rai ke yi.

To wace za ka ɗauka? In kai ɗan Guinness ne irin kawu, harshenka ya saba da ɗaci da ɗan tsami-tsamin ta gida mai kashi 7.5, baƙar giyar gangar burbon za ta iya yi maka kamar an narka alewa. Tafi kai tsaye gangar rai, in babu ka ɗauki mai kofi. In kuwa Malta da abin zaƙi ne naka, ko ba ka taɓa shan irin wannan ba, fara da ta Lexington ko Dragon's Milk, kada ka zuba kuɗi a babbar kwalba tukuna. Mai shan wuski da ke neman ya ji wuskinsa a giya, baliwayin ta fi baƙa nuna ganga, domin babu ƙonannen hatsin da zai rufe ta. Sucaba ta Firestone Walker ko Straight Jacket ta Revolution za su ishe shi misali. Lokacin zafi, ko tare da kifi da kaza, Curieux ce kaɗai a cikinsu ba za ta danne ka ba. In tsaraba ce ga wanda ba ka san bakinsa ba, Bourbon County ta asali, ba 'yan uwanta masu tsada ba. In kuma aljihu zai ɗauka, hanya mafi kyau ita ce wadda muka bi: giya ɗaya, ganguna biyu, a zuba gefe da gefe.

Maganar ƙarfi ba ta wasa ba ce. Kwalbar rabin lita mai kashi 14 tana ɗauke da barasar da ta kai ta ƙananan Guinness kusan uku, kuma zaƙi yana ɓoye ta, ba ka ankara sai ka miƙe. Ta mutum biyu ce ko uku, a ƙananan kofuna, kuma wanda ya sha ya bar makullin mota. Kada a sha ta da sanyi ƙarara yadda muka saba a gida. Sanyi yana kulle ƙamshin. A fito da ita daga firij ta yi minti ashirin a tebur, ta kai wajen maki 12 a ma'aunin Salsiyas, sannan a buɗe. Game da ajiya, na taɓa ɓoye wata mai tsada shekara biyar ina jiran babbar rana, a kabad ɗin da ke kusa da murhu. Da na buɗe fanilar ta gudu, abin da ya rage gishiri-gishiri ne kamar ruwan magi da warin jiƙaƙƙen kwali. Shekara ɗaya ko biyu a wuri mai sanyi da duhu, kwalba a tsaye, tana kwantar da zafin barasa. Mai kofi kuwa a sha ta da wuri, ƙamshin kofi ba ya jira.

Ranar Kirsimeti bayan an kwashe kwanonin shinkafa, na jera wa kawu kofuna biyu ban gaya masa wacce ce wacce ba. Ya shinshina ta farko, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya ce, "Wannan ta matan gida ce, a ba Innarku." Ya kurkure baki da ruwa ya ɗauki ta biyu. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Wannan akwai masoro a ciki." Na ce babu, Kawu, hatsi ne da itace. Ya sake kurɓa, ya ɗaga kofin wajen fitila yana duban yadda giyar ta bar sawu a jikin gilashi, ya ce kafin ya koma in samo masa biyu. Na naɗe su a cikin rigunan sanyinsa, na sa a tsakiyar babban akwatin da za a auna, na roƙe shi in ya sauka Abuja kada ya bar su a but ɗin mota cikin rana har Jos.